ƘWARON DAMINA DA DANGINSA NA CIKIN ƘASA

Idan ruwan farko ya sauka a Maiduguri, wajen ƙarshen watan Mayu ko cikin Yuni, bayan dogon rani na wata bakwai ko takwas, akan wayi gari a ga waɗansu jajayen ƙwari suna tafiya sannu a hankali bisa rairayi, musamman a bayan gari inda ƙafa ba ta cika takawa ba. Jikinsu ja wur, ga laushi kamar karan-miski. Yara a ƙasar Hausa suna kiran wannan ƙwaro damina, domin tare da ita yake zuwa. Sukan ɗora shi a tafin hannu, shi kuwa ya naɗe ƙafafunsa ya yi lamo kamar ya mutu. Bayan 'yan kwanaki sai a neme shi a rasa, ba kuwa za a sake ganinsa ba sai baɗi.

Ƙwaro dai ake ce masa, amma wanda ya tsaya ya ƙirga ƙafafunsa zai tarar takwas ne. Ƙuda da fara da tururuwa da sauran ƙwari na ainihi ƙafa shida gare su, da 'yan ƙahoni biyu na shinshina a ka, yawancinsu kuma da fukafukai. Shi kuwa ba ƙaho, ba fiffike. Danginsa na nesa su ne gizo-gizo da kunama, na kusa kuma kaska da ɗan mitsitsin abin nan da ke shiga fatar mutum ya haddasa ƙazuwa. Masana sun riga sun rubuta sunayen fiye da iri dubu 50 na wannan zuriya, kuma har gobe ana samun sababbi. Waɗanda ke zaune cikin ƙasa daga cikinsu, a nan za a kira su kaskar ƙasa, ko da yake yawancinsu ba su taɓa ɗanɗana jinin kowa ba.

Tun cikin shekarar 1767 wani masani mutumin Suwidin mai suna Linnaeus ya sa wa ƙwaron damina suna cikin Latin, harshen da ake yi wa halittu suna da shi. A yau ana kiransa Dinothrombium tinctorium, kalma ta biyu kuwa ma'anarta "na rini", saboda jan launinsa. Tsawonsa yakan kai santimita guda, har ya ɗara, watau in an ɗebe kaska mai cike da jini, yana cikin ƙattin zuriyar baki ɗaya. Kusan duk shekara yana kwance cikin ɗan raminsa a ƙarƙashin rairayi. Fitowarsa takan yi daidai da tashin shinge, domin gara ce abincinsa. Ya ci, ya yi barbara, ya koma. Abin da ke fitowa daga ƙwan da macen ta saka bai yi kama da uwarsa ba ko kaɗan: ɗan ƙanƙane ne ƙwarai, ƙafarsa shida, kuma maƙalewa yake yi a jikin fara ko wani ƙwaro yana tsotson ruwan jikinsa har ya ƙoshi ya faɗo. Masu sana'ar fara, wadda Maiduguri ta yi suna a kanta, sukan ga waɗansu jajayen ɗigo-ɗigo a gindin fiffiken fara. 'Ya'yan wannan dangi ne. Wannan rashin kama tsakanin ɗa da uwa ya sha rikita masana, har ya zamana an sa wa ɗa suna dabam, uwa suna dabam, sai daga baya wani mai haƙuri ya yi kiwonsu cikin kwalba tun daga ƙwai, sa'an nan a gane abu guda ne.

To, wannan shi ne wanda ido ke gani. Ragowar dangin suna nan a ƙarƙashin ƙafar kowa, cikin ruɓaɓɓen ganyen darbejiya, da gindin juji, da tsohon turken dabbobi, amma ido ba ya kama su. Mafi yawa a cikinsu su ne masu sulke, waɗanda masana ke kira Oribatida, kuma an rubuta wajen iri dubu 11 nasu. Galibinsu ba su kai milimita guda ba, watau ƙwayar gero ta ninka su sau da yawa. A dazuzzukan ƙasashe masu sanyi, inda ganye ke taruwa shekara da shekaru, an sha ƙirga fiye da dubu ɗari a fili mai faɗin mita guda da tsawon mita guda.

Yaya ake kama abin da ba a gani? Dabarar tsohuwa ce, kuma ba ta da tsada. Wani Ba'italiye mai suna Antonio Berlese, wanda ya yi aiki a birnin Florence, shi ya fito da ita cikin 1905, sa'an nan Albert Tullgren na Suwidin ya gyara ta cikin 1918. Akan ɗebo ƙasa da ganyen da ke kanta, a zuba a kan rariya, a ɗora rariyar a bakin mazurari, a ajiye 'yar kwalba mai ruwan sifirit a ƙarƙashi, sa'an nan a kunna ƙwan lantarki daga sama. Berlese da ruwan zafi ya yi amfani, Tullgren ne ya kawo ƙwan lantarki. Yayin da saman ƙasar ke bushewa, su kuwa masu gudun zafi da haske sai su yi ta nutsewa ƙasa, har su zurara ta rariya su faɗa kwalba. Akan ɗauki mako guda ko fiye. Gaggawa ita ke ɓata aikin, domin idan zafi ya yi yawa sai su mutu a inda suke tun ba su kai ga rariya ba. A gari irin Maiduguri, inda zafin watan Afrilu kan haura awo 40, wannan ba ƙaramin abin lura ba ne.

Abin da ya faɗa kwalba ba ya ganuwa sosai ko da an sa shi a madubin likita, saboda sulken yana da duhu. Sai an jiƙa shi cikin wani ruwa mai tsami, irin sinadarin da ke sa nono tsami, na kwanaki, har naman ciki ya narke, sulken ya zama garau kamar kwalba. Daga nan ne mai bincike zai sa shi cikin ɗan gurbi a kan gilashi, ya riƙa juya shi da tsinin allura, ya dube shi ta baya, ta ciki, ta gefe, yana zanawa.

Ga abin da zai gani. Jikin ya kasu gida biyu. Na gaba ƙarami ne, yana da wata 'yar rumfa da ta rufe baki, a ƙarƙashinta kuma akwai muƙamuƙai biyu masu kama da ƙaramar awartaki, da waɗansu 'yan hannuwa biyu na laluben abinci. Na baya babba ne, a dunƙule kamar an kife ƙoƙo. Yawancinsu ba su da ido sam. A madadinsa, a kowane gefe na sashen gaba akwai wani ɗan rami kamar kurtu, daga cikinsa kuma wani gashi guda ya fito, wanda da shi suke jin motsin iska da girgizar ƙasa. Wannan gashi shi mai bincike ke fara dubawa, domin siffarsa ta bambanta daga wani iri zuwa wani: na wani siriri ne kamar zare, na wani mai kai kamar kulki, na wani mai haƙora a gefe guda kamar matsefi, na wani kuma kamar ganye. Waɗansu suna da ƙarin sulke a kafaɗa wanda ya sauko ya rufe ƙafafu, har mai kallo ya zaci fukafukai ne, alhali ba sa tashi. A ƙarshen kowace ƙafa akwai farce, ko dai guda ko uku, jefi-jefi biyu. Idan aka birkice shi kuma, akwai ƙofofi biyu a ciki, ta haihuwa a gaba, ta bayan gida a baya, kowace da murfi biyu masu buɗewa kamar ƙyauren taga.

Duk waɗannan sassa suna ɗauke da gashi, kuma a nan ne asirin aikin yake. Gashin mutum ko na akuya ba mai ƙirga shi, amma na kaskar ƙasa ƙirgagge ne, kowane sili da mazauninsa, bibbiyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, kuma haka uwa ke gadar wa 'ya'yanta. Wani Bafaranshe mai suna François Grandjean, wanda ya rasu cikin 1975, asalinsa ma masanin duwatsu ne, shi ya share shekaru yana bin waɗannan silaye ɗaya bayan ɗaya, ya ba kowanne harafi da lamba, har ya zamana mai bincike a Ife da mai bincike a Jamus za su iya magana a kan sili guda ba tare da sun ga juna ba. Yadda tsohon Babarbare zai dubi tsagar fuskar baƙo ya faɗi asalinsa tun bai buɗe baki ba, haka masanin wannan fanni ke duban murfin ƙofar haihuwa ya ce gashi huɗu-huɗu ne ko shida-shida, daga nan ya san gidan da zai nema.

Misali mafi kusa daga ƙasar nan shi ne wanda aka samu a Ile-Ife. Cikin 2001 Shehun Malami M. A. Badejo na Jami'ar Obafemi Awolowo, tare da waɗansu Jamusawa biyu, Steffen Woas da Ludwig Beck na gidan adana kayan halittu da ke Karlsruhe, suka bayyana wani sabon iri, suka sa masa suna Mesoplophora ifeana. Kalma ta farko sunan gidan ne, wanda Berlese ɗin nan mai mazurari ya raɗa tun 1904. Ta biyu kuwa sunan Ife ne aka yi wa wutsiyar Latin. Cikin shekarun da suka biyo baya suka ƙara bayyana waɗansu, na Nijeriya da na Barazil, daga gidajen Nothrus da Scheloribates da sauransu.

'Yan gidan Mesoplophora suna da wata baiwa mai ban mamaki. Idan tururuwa ko wani ɗan ƙwaro mai farauta ya taɓa su, sai su janye ƙafafu takwas ɗin duka zuwa cikin jiki, sashen gaba ya rufo a kansu kamar murfin akwati, su zama ɗan dunƙule mai santsi, ba inda baki zai kama. Bushiya ma albarka. In hatsari ya wuce sai su matsa ruwan jikinsu ya turo ƙafafun waje. Amma fa akwai waɗansu gidaje dabam, kamar Phthiracaridae, masu irin wannan naɗewa, waɗanda in an dube su ta baya sai a rantse 'yan uwan juna ne. Kama da wane ba ta wane. Sai an birkice su ake gane bambanci: a Mesoplophora ƙofofin nan biyu ƙanana ne, a rabe, kowace na zaune a kan wani faffaɗan faranti da ya rufe ciki, alhali a ɗaya gidan murafen manya ne, a jere suna taɓa juna, sun cinye kusan dukan cikin. Gashin bayan Mesoplophora takwas-takwas ne. Abin da ke raba irin wannan gida da juna shi ne yawan gashin farantin ciki, da na murafen ƙofofi, da kuma ko gashin nan na jin motsi sumul yake ko yana da ƙayoyi. Kafin a ce an sami sabon iri, tilas mai bincike ya gwada abin da ke gabansa da bayanin kowane ɗan gidan da aka taɓa rubutawa a duniya, ya kuma tabbata bambancin da ya gani yana jikin dukan waɗanda ya kama, domin sili kan karye, kuma akan sami mai naƙasa ko a cikin ƙwari. Wanda ya yi gaggawa a nan yakan sa wa mai suna wani suna, daga baya a soke.

Raɗin sunan ma yana da doka, wadda masana halittun dabbobi na duniya suka amince da ita. Dole a buga bayanin a inda kowa zai iya samu, a faɗi abin da ya raba sabon da makusantansa, sa'an nan a keɓe guda ɗaya tak daga cikin waɗanda aka kama, a ce wannan shi ne ma'aunin sunan, a ajiye shi a wurin adana da aka ambata, domin ko bayan shekara ɗari in gardama ta tashi a koma a duba shi. A zamanin nan an sami ƙarin kayan aiki, akwai madubi mai aiki da lantarki wanda ke nuna ƙaya a jikin sili guda, akwai kuma awon ƙwayoyin gado, wanda ya sha nuna cewa abin da aka ɗauka iri ɗaya ne ashe biyu ne ko uku. Duk da haka ba a daina ƙirgar gashi ba.

Mai karatu yana iya cewa wannan aikin marasa aikin yi ne, a garin da ke fama da abin da ya fi haka zafi. Makiyayi da mahauci suna da amsa, ko da ba su san suna da ita ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a mayanka ko ya yi hulɗa da Kasuwar Shanu ta Maiduguri ya san farar tsila mai faɗi da akan zaro daga hanjin tunkiya ko akuya, wadda tsawonta kan kai mita da yawa, ya kuma san gutsattsarinta masu kama da dafaffiyar shinkafa a kashin 'yan raguna. Sunanta Moniezia. Shekaru da yawa likitocin dabbobi suna neman hanyar da take bi ta shiga dabba, domin an gwada ba rago ƙwanta kai tsaye bai kamu ba. Sai cikin 1937 wani Ba'amurke mai suna Horace Stunkard ya gano cewa kaskar ƙasa mai sulke ce ke cin ƙwan daga kashin dabba, tsilar ta yi girman farko a cikinta na wata ɗaya zuwa 'yan watanni, sa'an nan kaskar ta hau ciyawa lokacin da akwai raɓa ko danshi, rago ya haɗiye ta tare da ciyawar. Bayan kamar mako shida tsila ta balaga a hanjinsa. Babbar dabba ba ta cika damuwa da ita ba, ƙanana ne ke ramewa in ta yi yawa. Ba kuwa ita ce tsilar da mutum ke samu daga naman shanu wanda bai dahu ba, waccan hanyarta dabam.

Abin lura a nan shi ne, cikin iri dubu 11 ɗin nan, ɗari da 'yan kai ne aka tabbatar suna ɗaukar irin wannan tsila, kuma gidajen Scheloribates da Galumna su ne kan gaba. Saboda haka likitan da ke son sanin wace makiyaya ce ke da hatsari, da wane wata ne ya fi dacewa a ba ƙananan dabbobi magani, ba zai wadatu da cewa akwai kaskar ƙasa a wurin ba. Sai ya san wace ce. Sanin wace ce kuwa ya koma kan siffar kafaɗa da yawan gashin murfi.

Manomi ma yana da nasa rabo. Yawancin masu sulke fumfuna suke ci da ruɓaɓɓen ganye. Suna daddatsa karmami da ganyen da ya zuba, suna fitar da shi 'yan ƙananan dunƙule waɗanda ƙwayoyin ƙasa ke ƙarasa narkarwa, ta haka abin da shuka ta ɗauka yake komawa gona. A ƙasar Barno gara ce ke yin babban kason wannan aiki, ba a musu, amma gara ɗauka take yi ta kai suri, su kuwa waɗannan a inda suka ci nan suke bari. Gonar da aka kwashe karanta ƙaf, aka tattara ragowar aka cinna wa wuta lokacin sharar gona, an ƙone abincinsu da mafakarsu gaba ɗaya. Ba su da saurin haihuwa, ba su da saurin tafiya, don haka in sun ƙare a wuri sukan daɗe ba su dawo ba. Wannan ne ya sa a ƙasashe da yawa ake ƙirga su don a auna ko ƙasar da ta lalace ta fara farfaɗowa.

Mafi yawan aikin da aka yi a kan kaskar ƙasa a Nijeriya a kurmin kudu aka yi shi, inda ƙasa ke da laima kusan duk shekara. Barno wata duniya ce. Maiduguri tana zaune a kan tudun rairayin nan da ya miƙe ta Bama, wanda shi ne tsohon gaɓar Tafkin Chadi a zamanin da tafkin ke da girman teku. Arewa da gabas da ita akwai baƙar lakar firgi, wadda ke shan ruwa da damina, ta tsattsage da rani, inda ake dasa masakwa. Ga fadamun kogin Ngadda, ga inuwar darbejiya da ke zubar da ganye mai ɗaci a kowane titi. Halittar da ke iya jure wata takwas cikin busasshen rairayi, ko ta rayu cikin lakar da ke nutsewa a ruwa sa'an nan ta bushe kamar dutse, lalle ba za a ɗauka ita ce ta kurmin Ife ba sai an duba. Ambaliyar da ta biyo bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau ranar 10 ga Satumba 2024, wadda ta jawo wa mutanen garin hasarar rayuka da dukiya mai yawa, ta bar unguwanni da gonakin da suka kwana da kwanaki a ƙarƙashin ruwa kusa da waɗanda ruwa bai taɓa ba, kuma gwada ƙasar waɗannan da ta waɗancan zai nuna yadda ƙasa ke komawa hayyacinta.

Wuraren da za su iya ɗaukar aikin suna nan cikin garin. Jami'ar Maiduguri, wadda aka kafa cikin 1975, tana da sashen koyon aikin gona da na likitancin dabbobi da na ilmin halittu, ga kuma Cibiyar Binciken Tafkin Chadi. Kayan farawa ba su wuce mazurari da rariya da ƙwan lantarki da kwalabe da madubi mai kyau ba, kuma maƙeran farin ƙarfe na kasuwa za su iya ƙera mazurarin. Abin da ya fi wuyar samu shi ne ɗalibin da zai yarda ya zauna shekara uku ko huɗu yana ƙirgar gashi, da malamin da zai duba zanensa, da wurin ajiya mai aminci, domin sifirit yana tsanewa cikin zafi, kwalbar da aka manta da ita shekara biyu sai a tarar da ƙura. Lokacin ɗiban ƙasa mafi albarka shi ne daga Agusta zuwa farkon Oktoba, da sassafe, kafin rana ta kore su ƙasa. Da rani kuwa sai an haƙa da ɗan zurfi, a gindin itace ko gefen rijiya, kuma a rubuta rana da wuri da irin ƙasar a jikin kowace kwalba tun kafin a bar wurin.